Karena ɗan wata takwas ya hana gida sakat, ina neman shawara

Baban Hanif (Gida Dubu): Assalamu alaikum jama'a. Na san a cikinmu akwai masu kiwo da likitocin dabbobi, shi ya sa na kawo kukana nan. Wata shida da suka wuce ɓarayi suka haura mana katanga har sau biyu, suka tafi da batirin sola da tunkiya mai ciki. Sai wani abokin aikina ya kawo min ɗan kwikwiyo daga Jos, ruwa biyu ne, uwarsa irin karnukan 'yan sanda, ubansa na gida. Lokacin watansa biyu, a kwali aka kawo shi. Yara suka sa masa suna Guguwa. Yanzu watansa takwas, ya kusa kai min cinya, kuma wallahi ya fi ƙarfinmu. Da rana yana ɗaure da sarƙa a gindin darbejiya, ƙarfe goma na dare nake sakinsa. Da zarar na kwance shi sai ya zagaye gidan da gudu kamar an jona masa wuta, ya daka tsalle ya dafa min ƙirji, ya kama bakin rigata. Ya gwaguye bututun tankin ruwa sau biyu, ya tone shukar zogalen uwargida, shekaranjiya ya fizgo atamfarta daga kan igiyar shanya ya yi kaca-kaca da ita. Abin da ya fi tayar min da hankali, ya banke Hanif, ɗan shekara huɗu, har leɓensa ya fashe. Ba cizonsa ya yi ba, wasa yake so, amma uwar yaron ta ce ta gaji, a san inda za a kai shi. Ni kuma tun da ya fara haushi ba a sake taɓa mana ko tsinke ba. Yaya zan yi ya natsu?

Ɗan Wunti: Wa alaikumus salam. Malam, ka sangarta shi ne. Samo dorina, duk ranar da ya yi maka tsalle ka zuba masa biyu masu kyau. Kwana uku ya ishe shi ya gane waye mai gidan.

Baban Hanif: Na gwada, ɗan'uwa. Ya daina yi min tsalle na kwana biyu, amma sai ya koma gudu ya ɓuya bayan tanki idan ya ji ƙarar mashin ɗina. Yara da matata kuwa bai fasa yi musu ba. Ranar da na ga yana fitsari a tsaye saboda na ɗaga hannu zan gyara hula, jikina ya yi sanyi, na ajiye bulalar.

Mai Shago Muda Lawal: Ni shawarata ka dinga murmusa masa ƙwayar maganin mura mai sa barci a cikin abinci. Wani maƙwabcina haka yake yi wa nasa, yini yake a kwance.

Maman Amira (Fadamar Mada): Anya ba haukan kare ba ne ke damunsa? Malam, ka yi hattara da yara fa. Wannan ciwon ba ya jin magani.

Dakta (likitan dabbobi, Yelwa): Bari in fara da waɗannan biyun domin su ne masu haɗari. Alhaji mai shago, don Allah kada a ba kare kowace irin ƙwayar mutane ba tare da likita ya gani ba. Yawancin magungunan mura haɗi ne, akwai farasitamol a ciki, shi kuwa yana lalata hantar kare idan ya yi yawa. Su ibufurofen suna huda ciki su taɓa ƙoda. Na sha karɓar karnukan da aka ɗirka wa tiramol wai don su yi zafi, ko maganin barci wai don su yi sanyi, wasu ba su tashi ba. Kuma ko bai mutu ba, karen da aka bugar bai koyi komai ba, kuma ba zai yi maka gadin da ka kawo shi dominsa ba.

Hajiya Maman Amira, tsoronki yana kan hanya, amma abin da aka kwatanta ba shi ba ne. Mai ciwon hauka halinsa yana juyewa ne farat ɗaya, ya dinga dalalar da yawu, haɗiya ta gagare shi, muryarsa ta canja, ya ciji duk abin da ya gani ko kuma ƙafafunsa su shanye, kuma da wuya ya wuce kwana goma da fara nuna alama bai mutu ba. Wannan kuwa wata da watanni yana ci yana sha yana ƙiriniya. Duk da haka Baban Hanif, an yi masa allurar rigakafi? Ana yin ta ne daga wata uku, sannan a maimaita duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom tana yin allurar, ba abu ba ne mai wuyar samu a asibitin dabbobi. Idan kuma tsautsayi ya sa kowane kare ya ciji mutum ko ya yage shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko gashin karen.

Baban Hanif: An yi masa, Dakta, yana da kati. Na tsutsar ciki ne dai na kwana biyu ban ba shi ba.

Dakta: Madalla, ka kawo shi a ba shi, a duba kaska kuma, domin ƙaiƙayi kaɗai yana hana kare zama wuri ɗaya. Yanzu ga ainihin maganar. Ka lissafa da kanka: daga asuba zuwa goma na dare awa 16 ke nan ko fiye, yana tsaye a igiyar da ba ta wuce taku huɗu ba, yara suna wucewa ta gabansa da gudu, kaji suna wucewa, almajirai suna bara a ƙofa, shi kuma ba halin ya je ko'ina. Duk wannan zumuɗin yana taruwa ne, sai ka zo ka kwance shi. Sannan wata takwas shi ne tsakiyar ƙuruciyar kare. Daga wajen wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi jikinsu ya girma amma hankali bai iso ba, manyan iri ma sukan kai shekara biyu kafin su zauna. Ga kuma jinin uwarsa. Irin nan a Jamus aka fito da shi a ƙarshen ƙarni na 19 domin kiwon tumaki, kare ne da aka zaɓo don ya yini yana aiki yana sauraron umarnin makiyayi. Idan ba ka ba shi aiki ba zai nemo wa kansa, kuma aikin da ya samo shi ne bututunka da atamfar Hajiya.

Ɗan Wunti: To amma Dakta, ai ɗaurin shi ke sa kare ya yi zafi. Wanda ke yawo cikin mutane yana kaɗa bindi, ɓarawo ma zai kaɗa wa.

Dakta: Zafin da sarƙa ke haifarwa ba ya tantance ɓarawo da ɗan maƙwabta da ya shigo ɗaukar ƙwallo. Ranar da sarƙar ta tsinke, wanda ya fi kusa shi zai sha. Abin da mai gida yake buƙata shi ne kare da ya san 'yan gida sarai, ya san mai kurar ruwa da ke shigowa kullum, ta yadda idan ya yi haushi da ƙarfe biyu na dare za ka san da dalili. Wanda ke haushi kan kowace leda da iska ta kaɗa, sati biyu za ka daina tashi duba shi.

Tsohon Mafarauci (ta wayar jikansa, daga Darazo): Baba ya ce in rubuta muku. Ya ce ya fi shekara arba'in yana riƙon karnuka, bai taɓa ganin karen farauta da ya dawo daga daji yana tone gida ba, ruwa yake sha ya nemi inuwa. Ya ce amma ba gudu kaɗai ke gajiyar da kare ba, hanci ne. Karen da ya bi sawun zomo na ɗan lokaci ya fi wanda ya yi ta tsere a fili laushi. Ya ce idan suna horar da kwikwiyo, fatar zomo ko ta gafiya suke ja a ƙasa su ɓoye a cikin ciyawa, su bar shi ya nemo, in ya samo a yaba masa a ba shi ɗan abin taɓawa. Ya ce kuma su ba sa dukan ƙaramin kare, domin wanda ya saba da duka ba ya dawowa idan an kira shi a daji, kuma karen da ba ya amsa kira ba shi da amfani ko da ya fi barewa gudu.

Dakta: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, a gaishe min da shi. Abin da ya faɗa shi ne abin da masu horar da karnukan aiki suke yi a ko'ina.

Malam Na Bakaro: Ina so in sa baki ta fuskar addini, don na ga wasu suna turo wa mai tambaya saƙo a gefe cewa ya rabu da shi kawai tunda haram ne. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko noma ba, ana rage masa lada kullum. Risala ta Ibn Abi Zaid ma, wadda muka karanta a zaure, ta hana ajiye shi a gidajen cikin gari. Sai dai malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona da dabbobi idan akwai buƙata ta gaske, kuma masu sharhin Risalar suna kawo cewa shi kansa mawallafin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana jin tsoro. Wanda aka haura wa gida sau biyu ba don ado ya ajiye ba. A mazhabar Malikiyya kuma kare mai rai ba najasa ba ne, ana dai wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai don bin umarni. Abin da nake so a riƙe shi ne, tunda ka ɗaure shi, ci da sha da inuwarsa suna wuyanka. Kun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ma ta yi maganar dabbobin farauta da kuke koyar da su, ke nan horar da kare abu ne da shari'a ta sani. A ajiye shi a wajen ɗakuna, a kiyaye haƙƙin maƙwabta.

Baban Hanif: Allah ya gafarta Malam, na gode, wannan ya daɗe yana min nauyi a zuciya. Dakta, to a aikace me zan fara gobe? Ni ma'aikaci ne, bakwai da rabi na fita.

Dakta: Bayan sallar asuba, idan masallata sun watse, ka sa masa doguwar igiya, kamar mita biyar zuwa goma, ku bi bayan unguwa inda babu jama'a. Minti talatin zuwa arba'in. Kada ka ja shi kamar akuyar da za a kai kasuwa, ka bar shi ya shinshina duk gindin bishiyar da yake so, shinshinar ita ce aikin. Da yamma bayan la'asar sakaliya ka ƙara ko na minti ashirin. A zafin nan na Maris da Afrilu da muke kusantar digiri 40, kada a fita da shi da rana ko kaɗan. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, kuma kwalta tana ƙona tafin ƙafarsa. Ka ɗora bayan hannunka a ƙasa, idan ba ka iya jurewa ba shi ma ba zai iya ba. Kuma kar ka ɗaura shi a mashin ka ce zai bi ka da gudu don ya gaji. Ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba sai ya haura shekara, kuma irinsu suna da matsalar ƙugu.

Abincin safe kada ka zuba masa a kwano ya lashe cikin minti ɗaya. Ka yayyanka shi ƙanana, ka watsa a wani lungu mai tsabta na tsakar gida, ko ka ɓoye a ƙarƙashin kwali uku huɗu ya nemo. Abin gwaguya kuma dole ne ya samu nasa, babban ɗanyen ƙashin saniya daga mahauta wanda ba zai iya haɗiyewa ba, kana kallonsa, in ya fara farfashewa ka ɗauke. Ban da dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soki hanji. Ragowar miya mai albasa da tafarnuwa da yawa ma a rage, albasa tana lalata musu jini.

Sarƙar nan kuma a maye ta da ɗan fili mai waya a inuwa, da ruwa a ciki kullum, a wurin da ba ya ganin ƙofar gida. Mutane ba su san cewa kare a wannan shekarun yana buƙatar barcin awa 14 ko fiye a yini ba. Naka yana gadi da dare, da rana kuma hayaniya ba ta barinsa ya runtsa. Rabin haukar da kake gani ta rashin barci ce, irin ta yaron da ya wuce lokacin kwanciyarsa.

Maman Amira: Duk wannan mai gida ne zai yi. Ita baiwar Allah da ke yini da shi da yara fa? Ni na san abin da take ji. Mijina ma ya taɓa kawo mana, ni na sha wahalarsa, shanya ma sai na tsaya gadi.

Anti Nas (Ibrahim Bako): Hajiya, ni mace ce kuma ni na horar da namu, don maigidan tafiye-tafiye yake yi. Bari in faɗi yadda na kashe tsallen nan. Kare yana tsalle ne don a kula shi, kuma ihu da turewa da hannu duk kulawa ce a wajensa. Sai na dafa hanta na yanka mitsi-mitsi kamar ƙwayar wake, na ƙulle a leda a bakin zani. Idan ya taso zai dafa ni, sai in harɗe hannu in juya masa baya, ba magana, ba kallo. Da ƙafafunsa huɗu sun taɓa ƙasa, a take nake cewa "yawwa" in sa masa hanta a ƙasa. A take fa, in kin jinkirta ya wuce ƙiftawa biyu bai san me aka biya shi ba. Daga nan na koya masa "zauna": ki riƙe hantar a kan hancinsa ki ɗaga ta baya a hankali, da kansa zai ajiye gindi. Sai na shimfiɗa masa tsohon buhu a gefen baranda, duk lokacin da ya kwanta a kai, ko ba ni na sa shi ba, in wuce in ajiye masa guda ɗaya tsakanin ƙafafunsa ba tare da na ce komai ba. Mu yawanci sai kare ya yi ɓarna muke tuna da shi, in ya kwanta shiru ba mai kallonsa. Minti biyar sau biyu a rana nake yi, ina jiran tuwo ya sulala. Wahalar ita ce yara. Dole kowa a gidan ya bi doka ɗaya. Na koya wa nawa cewa in ya nufo su kada su ruga kada su yi ihu, su tsaya cak kamar bishiya. Gudu da ihu su ke kunna shi. Ɗan shekara huɗu kuwa ba a barinsa da kare su biyu, ko da karen ya fi tunkiya sanyi.

Maman Amira: To Anti, wannan na ji shi. Amma sai in matar ta yarda da kanta, kada a ɗora mata.

Baban Hanif: Gaskiya ne Hajiya. Na karanta mata duka, ta ce ta ba ni wata ɗaya, kuma ita ba za ta taɓa shi ba amma za ta iya jefa masa hanta daga baranda.

Ɗan Wunti: Ku dai fiɗiye shi a huta, ai haka ake yi wa bunsuru.

Dakta: Fiɗiya tana rage yawon neman karya da faɗa da wasu mazan karnuka, amma ba ta cire ƙarfin ƙuruciya ba, ba ta koya masa zama ba. A manyan iri ma nakan ba da shawara a jira ya gama girma tukuna. Ya fara da abin da aka faɗa.

Baban Hanif (bayan mako uku): Salam jama'a, na dawo da bayani kamar yadda na yi alkawari. Makon farko ya yi tsanani, tsallen ma ƙaruwa ya yi, har na kira Dakta na ce abin ba ya aiki. Ya ce haka suke yi idan dabarar da ta saba ci ta daina ci, in daure. Mai walda ya yi min keji a bayan kicin, gefen da rana ba ta faɗawa, na sa masa buhu da bokitin ruwa. Kullum bayan asuba muna bin hanyar gonaki, ni da shi da babban ɗana. Yau da safe mun dawo, ya sha ruwa, ya nemo abincinsa a ƙarƙashin kwalaye, ya je kan buhunsa ya miƙe ƙafa. Uwargida ta yi shanya cikakkiyar igiya biyu yana kallonta bai ɗaga ba, ita da kanta ta jefa masa hanta. Bututu bai sake taɓawa ba. Abin da ya rage shi ne baƙi. Idan aka ƙwanƙwasa ƙofa, ko almajiri ya yi sallama, sai ya manta komai, ya yi ta dukan wayar keji da ƙirji.

Anti Nas: Alhamdu lillahi. Na ƙofa shi ne na ƙarshe da ke gyaruwa, namu ya kai wata biyu. Ka sa babban ɗanka ya fita ya ƙwanƙwasa a hankali sau ɗaya, kai kana tsaye kusa da kejin da hanta. Ya yi haushi ɗaya biyu, ka ce "ya isa", ka nuna masa buhu, in ya hau ka biya shi. Sau biyar a zama ɗaya, sannan ku ƙara ƙarfin bugun a kwanakin gaba. Kada ka hana shi haushin gaba ɗaya, shi ne aikinsa.

Tsohon Mafarauci (ta wayar jikansa): Baba ya ce in tambaya, idan ka kira sunansa a gona yana juyowa?

Baban Hanif: Ka ce wa Baba yana juyowa, sai dai in ya ga zabbi. Shi ya sa har yanzu ban cire masa doguwar igiyar ba.

Tsohon Mafarauci: Ya ce kar ka cire. Ya ce ka dinga kiransa tun kafin ya hango su, in ya zo ka ba shi abin da ya fi so, ka sake shi ya koma shinshinarsa. Kuma in damina ta faɗi aka yi shuka, ku canja hanya, kada ya shiga gonar mutane.